Tambayi Likita: Shin Bitamin D Na Hana Tsokar Ɗan Ƙwallo Yagewa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan kamar baki kuka haɗa, don fiye da rabinsu a kan bitamin D suke. Ban yi mamaki ba. A ɗakin gashin ƙashi da nake aiki a nan Jidda ma haka abin yake: yaro zai shigo yana ɗingishi, kafin in kai hannu cinyarsa ya zaro kwalba daga aljihu ya ce, "Likita, wannan fa?" Na tsamo wasiƙu biyar, zan fara da wadda ta fi tayar mini da hankali.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya, ya iyali? Ɗana shekararsa 17, yana buga gefen dama a rukunin matasa na wata ƙungiya a nan Makka. Sau biyu cikin wata biyar tsokar bayan cinyarsa ta hagu tana yagewa yana tsaka da gudu. Abokansa sun ce masa manyan 'yan wasa duk bitamin D suke sha, shi ya sa jikinsu ke da ƙwari. Na je saidaliyya, wato kantin magani, na sayo masa mai ƙarfin, wanda aka rubuta 50,000 a jikin kwalin, yana shan ɗaya kullum bayan sallar asuba, yau kwana tara. Na yi daidai? Kuma yaushe zai fara ganin amfani? *Daga wani mahaifi, Shara Mansur, Makka.*

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ranar da wasiƙarka ta iso na neme ka ta lambar da ka rubuta mun yi magana, amma zan maimaita a nan, don na san ba gidanka kaɗai wannan kwalin ya shiga ba.

A dakatar da shi. Kafson 50,000 ba na kullum ba ne. Likita kan rubuta shi ɗaya a mako, na mako shida zuwa takwas, ga wanda gwajin jini ya nuna bitamin ɗinsa ya yi ƙasa sosai. Abin da ake so matashi kamar ɗanka ya samu a rana 600 ne a ma'aunin IU da ake rubutawa a kwali, iyakar da ba a so a tsallake ba tare da sa idon likita ba kuwa 4,000. Cikin kwana tara yaron ya haɗiye 450,000, rabon kwana 750 ke nan, sama da shekara biyu. Bitamin D ba kamar bitamin C ba ne da jiki ke zubar da rararsa a fitsari. A kitse yake narkewa, a jiki yake kwanciya, idan ya taru sai kalsiyam ya yi yawa a jini, ƙoda kuma ita ke shan wahalar. Alamun su ne ƙishirwa marar yankewa, yawan fitsari, tashin zuciya, taurin bayan gida da kasala. Akasari sai an shafe makonni ko watanni ana irin wannan sha kafin illa ta bayyana, saboda haka ka kwantar da hankalinka, amma ka kai shi asibiti da kwalin a hannu, a auna kalsiyam da bitamin D da aikin ƙoda. Kuma yawa ba shi ne amfani ba. A 2010 an wallafa wani gwaji daga Ostareliya inda aka riƙa ba tsofaffin mata 500,000 a zama ɗaya sau ɗaya a shekara don a kare ƙashinsu, sai ga shi faɗuwa ta ƙaru da kashi 15 cikin ɗari, karaya kuma da kashi 26.

Yanzu ga maganar abokansa. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Tsoka tana buƙatar bitamin D. Wanda nasa ya yi ƙasa matuƙa za ka ga cinyoyinsa da ƙugunsa sun saki, tashi daga zaman tahiya sai ya dafa ƙasa, hawa bene sai ya riƙe ƙarfe, ƙasusuwa na yi masa zugi. Irin wannan idan aka ba shi magani, cikin 'yan watanni za ka rantse wani mutum ne daban. Sannan a Amurka an auna 'yan wasa 89 na ƙungiyar New York Giants, masu buga irin ƙwallonsu ta can, aka ga waɗanda suka ji ciwon tsoka matsakaicin bitamin ɗinsu a gwajin jini 19.9 ne, waɗanda ba su ji ba kuma 24.7. Daga irin waɗannan alƙaluma maganar ta bazu har ta iso filin da ɗanka ke atisaye.

Sai dai ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Ɗan wasan da ke yawan jinya a ɗaki yake wuni, rana ba ta ganinsa, to ciwon ne ya sauke bitamin ko saukar bitamin ce ta kawo ciwon? A asibitin Aspetar na Doha an auna ƙwararrun 'yan ƙwallo 342 da ke wasa a Katar, kashi 84 cikin ɗari nasu bai kai 30 ba, amma da aka gwada ƙarfin cinyoyinsu a kan na'ura ba a samu wata alaƙa tsayayya tsakanin ƙarfin da yawan bitamin ba. A Libaful an ba wasu 'yan wasa bitamin D IU 20,000, wasu 40,000 duk mako har mako 12. Adadin da ke jininsu ya tashi, gudu da tsalle da ƙarfi kuwa suna nan inda suke. Abin da na fahimta cikin shekarun da na yi a wannan aiki shi ne, bitamin D gurbi yake cikewa. Idan akwai gurbin, a cike shi, wajibi ne. Idan babu, ƙari ba ya mayar da tsoka igiyar ƙarfe.

Abin da ya ja hankalina a wasiƙarka, Alhaji, kalmomi uku ne: ta hagu, sau biyu, yana gudu. Tsokar bayan cinya tana yagewa ne a daidai lokacin da ƙafa ta miƙe gaba tana shirin taka ƙasa, tsokar na taka burki alhali ana jan ta tana ƙara tsawo. Ɗan gefe shi ya fi kowa yin wannan gudun. Kuma babu abin da ke kiran yagewa ta biyu kamar ta farko da ba ta gama warkewa ba. Farfesa Jan Ekstrand na Suwidin, wanda tun 2001 yake tattara wa hukumar UEFA bayanan raunukan manyan ƙungiyoyin Turai, ya nuna ciwon tsoka shi ne kashi 31 cikin ɗari na duk raunukan ƙwallo, ƙungiya mai 'yan wasa 25 kuma ta sa rai da kusan 15 a kaka ɗaya. Cikinsu kashi 37 bayan cinya ne, 23 cikin cinya wajen matsematsi, 19 gaban cinya, 13 sha-raɓa. Kashi 16 tsohon ciwo ne ya dawo, kuma wanda ya dawo ya fi daɗewa bai warke ba. Ƙari a kan haka, a kakar 2001 zuwa 2002 ciwon bayan cinya kashi 12 ne na duk raunuka, zuwa kakar 2021 zuwa 2022 ya kai 24. Ka lura da kyau: waɗannan ƙungiyoyi ne masu likitoci da masana abinci da kuɗin sayen kowace ƙwaya a duniya. Da kwalba na maganin abin, da lambar ƙasa ta yi, ba sama ba.

Mu da ke nan mun gani da idonmu. Neymar ya tsinke jijiyar gwiwa a Oktoban 2023 yana buga wa Barazil, ya yi shekara guda cur yana jinya, ya dawo wa Al-Hilal a Oktoban 2024, a wasansa na biyu tsokar bayan cinya ta kama shi. Tsokar da ta daɗe ba ta yi gudun wasa ba sai an sake koya mata, a hankali.

Ni ma na ɗanɗana. Ina da shekara 34 tawa ta dama ta yage a wasan bayan isha'i da muke yi da abokan aiki. Kwana 12 na ji zafin ya tafi, na ɗaure takalmi na koma, minti ashirin ban yi ba na ji kamar an jefe ni da dutse a daidai wurin. Wata biyu na yi ban taka ƙwallo ba. An auna jinina a lokacin, bitamin D na 11 ne, na sha magani yadda aka rubuta mini, ya tashi, kuma na ji sauƙin kasalar da na daɗe ina fama da ita. Amma abin da ya mayar da ni fili ban sake yagewa ba atisaye ne. Tafiyar zafi ba ita ce warkewa ba, wannan darasin da cinyata na koye shi.

Don haka ka nema masa likitan gashin ƙashi da zai gwada ƙarfin cinyar hagu ya kwatanta da ta dama. Kada ya koma wasa sai ƙarfinsu ya zo kusan ɗaya, ana danna wurin ba ya jin zafi, kuma ya yi gudu iya ƙarfinsa a atisaye kwanaki daban-daban lafiya. Ko koci ya matsa, kai ne uba, ka tsaya masa. A duba amsa ta ƙarshe a wannan shafi, na yi bayanin atisayen da nake nufi. Allah Ya ba shi lafiya, Ya kai shi inda su Usama Hausawi suka kai, wanda ya ɗaura ƙyallen kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta Rasha a 2018.

Tambaya: Likita barka da aiki. Ni direba ne, muna buga ƙwallo duk daren Alhamis. An yi mini gwaji an ce bitamin D na 13 ne, wai rashin shiga rana ne. Abin ya ɗaure mini kai. A Jidda? Ranar da ke ƙona sitiyari har sai ka sa tsumma? Anya ba neman sayar da magani ba ne? *Daga wani matashi, Jidda.*

Amsa: Ƙanena, na fahimci shakkarka, amma takardar gaskiya ta faɗa. Bari in lissafa maka wuninka kamar ina tare da kai. Ka fito daga ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ka shiga mota mai mukayyif, gilashi a rufe, ka wuni a ciki, ka yi salla a masallaci mai sanyi, ka koma gida bayan magariba, ƙwallo kuma sai goma na dare ƙarƙashin fitila. Zafin rana ya same ka, haskenta da ke aiki bai taɓa fatarka ba. Cikin hasken rana wani kaso ne ƙarami, wanda ake kira UVB, ke sa fata ta haɗa bitamin D, kuma gilashi na tare shi. Tufafi ma na tarewa, ƙura da hazo na rage shi. Bayan fata ta haɗa, hanta ce ke juya shi zuwa nau'in da ake aunawa a gwaji, sannan ƙoda ta ƙarasa shi ya zama mai aiki.

Ƙwararru ma ba su tsira ba. A wani binciken Aspetar na 2010 an auna 'yan wasa maza 93 'yan Gabas ta Tsakiya, kashi 91 cikin ɗari ba su kai 20 ba. Dalilinsu naka ne: atisaye bayan faɗuwar rana, wasa da dare. Kuma babu laifinsu, a nan Saudiyya ma da hukuma da kanta ke hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, wa zai fitar da 'yan wasa fili da azahar? A Ingila matsalar ta wata fuska take zuwa. An bi 'yan wasan Firimiya 20 aka ga abin da ke jininsu a Agusta ya ragu da rabi kafin Disamba, don a can ranar hunturu ba ta ɗagowa sama yadda za ta yi wa fata aiki. Su ranar ce ke guje musu, mu kuwa mu ke guje mata.

Akwai kuma fatarmu. Baƙar fata kariya ce daga ƙunar rana, ni'ima ce, amma tana buƙatar ninkin lokacin da farar fata ke buƙata kafin ta haɗa adadi ɗaya.

Ga ma'aunin da nake ba mutane, kuma kowane Musulmi ya riga ya san shi. Ka dubi inuwarka. Idan ta fi ka gajarta, rana na yi wa fatarka aiki. Idan ta fi ka tsawo, aikin ya yi rauni ƙwarai. To yaushe inuwar abu ke kai tsawonsa? Shigar la'asar. Ke nan ranar bayan la'asar da muke fita shan iska a bakin teku, da ta sassafe bayan fitowarta, kaɗan suke tsinanawa. Da bazara ka nemi hantsi, wajen tara zuwa goma da rabi, kafin gari ya ɗau wuta. Da sanyi kuma daga goma zuwa azahar. Ka hau saman bene da gajeren hannu, ƙwauri a buɗe, minti ashirin zuwa talatin, kwana uku ko huɗu a mako, da ruwa a hannunka. Rana ba ta sa bitamin ya wuce kima a jiki, fata da kanta ke tsayawa idan ya isa.

Amma da 13, rana kaɗai za ta ja lokaci. Ka sha abin da likita ya rubuta, ka koma gwaji bayan wata uku. Ka kuma ƙara da kifi mai maiƙo, sadin na gwangwani ko kifin bagar da ake samu a kasuwar kifi ta Bangala, da madarar da aka rubuta an ƙara mata bitamin D. Ƙwai yana taimakawa kaɗan, gwaiduwa ɗaya kimanin 40 take ɗauke da shi.

Tambaya: Salam Likita. Ina buga tsakiya a wata ƙungiyar mata. Takardar gwajina ta nuna 38, ƙawata ta ce duk abin da ya haura 30 lafiya lau ne, amma likita ta rubuta mini magani. Wa zan bi? Sannan wata ɗaya ke nan ƙashin ƙwaurina na ciwo a wuri ɗaya tak, idan na danna da yatsa kamar allura. *Daga wata 'yar wasa, Riyad.*

Amsa: Ƙanwata, ki bi likitarki. Na duba hoton takardar da kika haɗo, a gefen 38 ɗin an rubuta nmol/L. Ma'auni biyu ake amfani da su, kuma suna rikita mutane da yawa. Na ƙawarki ng/mL ne. Idan za ki mayar da naki zuwa nata sai ki raba da 2.5, ke nan naki 15 ne da ɗoriya. A ma'aunin nata, ƙasa da 20 ake kira ƙaranci, ƙasa da 12 kuwa ya yi tsanani. Masanan da UEFA ta tara kan abincin 'yan ƙwallo sun so ɗan wasa ya kai 75 a ma'auninki, wato 30 a nata.

Zan faɗa miki wani abu game da mu baƙaƙen fata, don kada lamba ta firgita ki. A 2013 wani bincike a Amurka ya nuna matsakaicin baƙaƙe 15.6 ne, na farare 25.8, amma ƙashin baƙaƙen ya fi na fararen ƙwari. Shi ya sa nake karanta takarda tare da jikin mai ita. Ke kuma jikinki ya riga ya yi magana.

Ciwon ƙwaurin nan shi ya fi damuna. Zafin da ake nunawa da yatsa ɗaya a kan ƙashi, yana ƙaruwa da gudu, na iya zama tsagewar ƙashi irin ta gajiya, wadda ke zuwa daga yawan dukan ƙasa ba tare da an buge ki ba. Ki daina gudu tun yau. Hoton ƙashi na yau da kullum yakan kasa ganinta a makonnin farko, idan ya fito lafiya kuma ciwon na nan, ki nemi a yi miki na MRI. A nan ne hujjar bitamin D ta fi ƙarfi, a ƙashi. An gwada a kan mata sama da 5,000 sababbin shiga sojan ruwan Amurka, aka ba rabinsu kalsiyam miligiram 2,000 da bitamin D 800 kullum na mako takwas, irin wannan tsagewa ta ragu da kashi 20 cikin ɗari. Ki lura tare da kalsiyam aka ba su. A gida ma an ga haka: a Jos, cikin 1999, an yi wa yara 123 masu lanƙwasar ƙafa magani, waɗanda aka ba kalsiyam suka fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Don haka laban, wato nono, da madara da cuku kada su yanke miki.

Tambaya biyu da nake so ki kai wa likitarki ko da ba ta yi miki su ba: a auna ƙarfen jininki, kuma idan al'adarki ta ɗauke ko ta riƙa tsallake watanni tun da kika ƙara atisaye, ki gaya mata. Sau da yawa alama ce abincin bai kai aikin da jiki ke yi ba, kuma ƙashi ne ke biyan bashin. Gasar mata ta ƙasar nan a 2022 aka fara ta, ku ne 'yan sahun farko, ina so ku daɗe a fili.

Tambaya: Likita, an ce da kitsen dabba ake yin kafson nan. Ya halatta? Kuma da azumi yaushe zan sha? *Daga wani dattijo, Madina.*

Amsa: Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Yawancin bitamin D3 daga maiƙon gashin tumaki ake samo shi, wanda ake wankowa bayan an yi musu sausaya suna raye. Inda ake tsayawa a duba shi ne ɓawon kafson mai taushi, don da jalatin ake yin sa, shi kuma yakan fito daga saniya ko kifi ko alade, gwargwadon kamfani. A karanta kwali, a tambayi mai saidaliyya. Idan zuciya ba ta natsu ba akwai na ɗigawa da na ƙwaya busasshiya, aikinsu ɗaya. Hukuncin kuwa na malamai ne, kuma kana garinsu.

Da azumi ka sha bayan buɗa-baki ko da sahur, tare da abinci mai ɗan maiƙo, don hanji ya fi ɗaukarsa haka. Idan ka manta rana ɗaya babu komai, makonni yake yi a jini, kada ka ninka washegari. Amma idan kana da ciwon ƙoda ko ka taɓa yin tsakuwar ƙoda, kada ka fara sai likitanka ya sani.

Tambaya: Likita, ni ke horar da samarin unguwarmu, su 22. Mun tara riyal 900, ina so in saya wa kowa bitamin kafin gasar Ramadan, don bara mutum biyar muka rasa saboda ciwon cinya. Wane iri ya fi kyau? Biyu daga cikinsu kuma za su je gwaji a wata babbar ƙungiya, ba zai jawo musu matsalar ƙwayoyin ƙara kuzari ba? *Daga wani koci, Jidda.*

Amsa: Koci, sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka. Bitamin D ba ya cikin jerin haramtattun abubuwa na WADA, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya. Haɗarin yana cikin gwangwanayen gari da ƙwayoyin gina jiki da ake sayarwa a wuraren ɗaga ƙarfe da intanet. Ɗakin gwaji na Kolon a Jamus ya taɓa auna irin waɗannan kaya 634 daga ƙasashe 13, aka samu 94 ɗauke da haramtattun sinadarai da ba a rubuta a jikinsu ba. Dokar kuwa ba ta jin "ban sani ba", abin da aka samu a jikin ɗan wasa shi ke da alhakinsa. Yaran nan biyu kada su sha komai sai na saidaliyya mai rajista, kuma su ajiye kwalin.

Riyal 900 ɗin nan da ni ne ba zan raba wa kowa ƙwaya da su ba. Zan ware na gwajin jini ga waɗanda ke kukan kasala ko ciwon ƙashi da waɗanda suka ji ciwo bara, wanda nasa ya yi ƙasa likita ya rubuta masa. Sauran kuɗin su tafi ga ruwa da laban da dabino na bayan wasa.

Mutum biyar ɗin da ka rasa, ina zargin jadawali. A gasar Ramadan ana buga wasa yau, a buga jibi, bayan tarawihi, yara ba su yi barcin kirki ba. An bi wata babbar ƙungiyar Turai kaka biyu, aka ga masu buga wasa biyu a mako suna jin rauni ninki shida na masu buga ɗaya. Tunda kana da 22, ka riƙa juya su, mai gudun gefe kada ya cika minti casa'in sau biyu cikin kwana uku.

Sai atisayen da na yi wa Alhaji alkawari, wanda ake kira Nodik. A Denmak an gwada shi a kan 'yan wasa 942 na ƙungiyoyi 50. Waɗanda ba su yi ba sun samu yagewar bayan cinya 52, waɗanda suka yi 15. Ba ya cin ko riyal ɗaya. Yaro ya durƙusa a kan tabarma ko tawul, jikinsa a miƙe daga gwiwa zuwa kai, abokinsa ya danne masa idon sawu da hannu biyu. Sai ya riƙa faɗawa gaba a hankali, yana riƙe kansa da bayan cinya iya ƙarfinsa, ƙugu bai lanƙwashe ba, idan ya gaza ya tare da tafin hannu ya turo kansa ya dawo. Makon farko rana ɗaya, sau biyar zubi biyu. Mako na biyu kwana biyu, sau shida zubi biyu. Na uku kwana uku, sau shida zuwa takwas zubi uku. Na huɗu takwas zuwa goma. Daga na biyar zuwa na goma zubi uku, 12 da 10 da 8, bayan nan sau ɗaya a mako ya wadatar. Za su yi kukan tsamin jiki a makon farko, ka gaya musu tun kafin su fara don kada su gudu. Wanda ciwonsa sabo ne kada ya shiga sai likita ya sallame shi. Tunda mako goma shirin ke ci, ka ƙirga baya daga ranar wasanku na farko, za ka ga tun tsakiyar Jimada Sani ya kamata ku durƙusa.